Gasar rediyon sha'awa: a rajista ake ci, a rajista ake faɗuwa

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi wa masu karatu bayani kan wani fanni da ba a cika tattaunawa da Hausa ba, wato gasar masu rediyon sha'awa, mutanen da ke da lasisin yin magana da takwarorinsu na duniya ta gajeren zango, ba da layin waya ba, ba da intanet ba.

Babbar lambar yabo a harkar ita ce DXCC, wadda ARRL, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ke bayarwa ga wanda ya tabbatar ya yi magana da ƙasashe 100 daga cikin 340 da ke jerinta. Jerin nasu ba irin na Majalisar Ɗinkin Duniya ba ne: Hawayi da Alaska kowacce ƙasa ce, haka tsibiran Kanari daban suke da Sifen.

A ganina hanya mafi sauƙi ta tara ɗarin nan ita ce gasar CQ World Wide. Ta murya ana yin ta a cikakken ƙarshen makon ƙarshe na Oktoba, ta saƙon Mos kuma a na Nuwamba, awa 48 ba tsayawa. Tana farawa da 00:00 agogon GMT ranar Asabar, wato ƙarfe ɗaya na dare a Najeriya da Nijar. An raba duniya shiyya 40. Najeriya da Nijar da Gana suna ta 35, Kamaru da Chadi ta 36. Tashoshi ba su da yawa a shiyyoyin nan, don haka mai alamar kira (haruffa da lambobin da ake sanin kowace tasha da su) da ta fara da 5N ta Najeriya ko 5U ta Nijar ba ya wahalar neman abokin magana, shi ake rububi. Abin da za ka faɗa kaɗan ne: alamar kiranka, sannan "59, 35", wato yadda kake jin abokin magana da lambar shiyyarka.

Magana da wata nahiya maki 3 ce, da wata ƙasa a nahiyarku maki 1, da ɗan ƙasarku babu maki. Sai a ninka jimillar da adadin ƙasashe da shiyyoyin da ka samu a kowane zango. Misali, tashoshin Turai da Amurka 300 sun ba ka 900. In ka haɗa ƙasashe 60 da shiyyoyi 20, makinka 72,000. A wannan lissafi, sabuwar ƙasa guda ta fi ƙarin Jamusawa huɗu daraja, in ka riga ka samu Jamus.

Kayan aiki ba sai na ƙarya ba. Na'ura mai wat 100 da eriyar waya sun isa. A raba 143 da megahaz ɗin da ake so, a sami tsawon waya a mita: ga 14.2, wato zangon mita 20, wajen mita 10 ke nan, biyar kowane hannu, a haɗa tsakiya da kebul mai om 50. A yanka da ɗan saura, a riƙa ragewa har ma'aunin SWR, mai nuna dacewar eriya da na'ura, ya sauka ƙasa da 2. A ɗaga ta mita 10 in da hali, a miƙe ta gabas da yamma, domin ta gefe take harbawa, Turai kuwa arewa take da mu. In ta yi ƙasa, ƙarfin sama yake tafiya ya dawo kusa.

Wuta ita ce matsalarmu. Na'urar kan ja kusan amfiya 20 a kan bolt 13.8 lokacin magana; da siririyar waya ko batir da ya gaji, wutar na faɗuwa, murya ta dusashe. Inbata da cajar sola da ƙwan fitila masu arha kuma suna cika zangon da ƙara. A kashe su ɗaya bayan ɗaya tun kafin ranar, a gano mai laifin.

Inda aka fi asara shi ne rajista, wato jerin tashoshin da ka yi magana da su da lokacin kowace magana. Masu gasar na gwada rajistar kowa da ta kowa a kwamfuta. Ka kuskure harafi guda a alamar kiran mutum, za a soke maganar, a kuma ci ka tarar ninki biyu na makinta. In ba ka ji da kyau ba, ka sa ya maimaita, babu kunya a ciki. B da D a cikin ƙara kusan ɗaya suke, sai an ce Bravo ko Delta. Lokaci a rubuta da GMT, ba agogon gida ba, domin bambancin awa guda ya isa ya hana rajistarka dacewa da ta kowa. A tura ta a tsarin fayil na Cabrillo kafin wa'adin da dokokin gasar suka sa ya cika.

Makin gasa kuma ba shi ne shaidar DXCC ba. Sai ɗaya ɓangaren ya tabbatar, ko da katin shaida na QSL ta gidan waya, ko ta LoTW, rumbun intanet da ARRL ta buɗe a 2003, inda rajista biyu ke haɗuwa da kansu. Kati kan yi watanni a hanya, don haka a nemi shaidar shiga LoTW tun kafin Oktoba. Kafin duk wannan, lasisi daga hukumar da ke ba da shi a ƙasarku; maganar da aka yi ba da shi ba, ba ta shiga lissafi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wani mai karatu, daga Zariya