A Riƙa Tunawa da Masu Tsara Kiɗan Fim

Malam Edita,

Duk lokacin da aka jero gwanayen kiɗan ƙarni na 20, sai a ce Michael Jackson da Beatles, a tsallake John Williams, mai tsara kiɗan fim. Wannan ba adalci ba ne. An haife shi a 1932, ya lashe kyautar fina-finai ta Oscar sau 5, kuma tun 1974 yake aiki da darakta Steven Spielberg.

Mawaƙin fof shi ke zaɓar tsawon waƙarsa. Mai tsara kiɗan fim kuwa hoto ne ubangidansa. Zai zauna da darakta su kalli fim ɗin da aka tace, su ƙayyade inda kiɗa zai shigo da inda za a yi tsit. Sannan ya rubuta wa kowane rukunin makaɗa nasa: masu goge, masu busa, masu ganga, wani lokaci makaɗa 80 ko fiye. A wajen naɗa sauti ana haska hoton a gabansa, yana kaɗa sanda. Mai tacewa ya yanke daƙiƙa biyu kawai, sai bugun da aka shirya wa buɗe ƙofa ya faɗo bayan an shige. Dole a sake rubutu.

A ƙarshen fim ɗin E.T. na 1982 kiɗa da hoto sun ƙi daidaituwa, har Spielberg ya ce a yi kiɗan yadda ya zo, shi ya gyara hoton ya bi shi. A Jaws kuwa, fim a kan wani kifi mai cin mutane, sauti biyu kacal Williams yake maimaitawa, mai kallo ya san kifin ya iso tun bai ga komai ba.

Na gode,
Wani mai karatu