Barka da Sallah daga ƙasar duwatsu

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Mun sauko daga Idi lafiya a masallacin Inverness, ana yayyafi, kowa da rigar sanyi a kan kaftaninsa.

Inna ta tambaya ko na samu rago. Tumaki dai a nan arewacin Skotland ba a magana, duk gangaren da ka duba suna nan birjik, ba makiyayi ba sanda. Sai dai doka ta hana kayar da rago a ƙofar gida. Kuɗi za ka ba mahauci, a yanka a mayanka, nama ya zo a kwali. Babu babbakar kai, babu tuƙuɗi. Shi ya sa na tura wa Yaya kuɗin layya.

Baba, tarihin tumakin nan zai ba ka tausayi. Wani dattijo da muke aiki tare ya kai ni Culloden, bayan gari kaɗan, inda sojojin gwamnati suka murƙushe mayaƙan dangogin wannan yanki mai duwatsu a 1746. Daga nan aka karya ikon shugabannin dangi, aka haramta musu ko da tufafin gado. Can gaba masu filaye suka ga ulu ya fi talaka riba, suka tashi ƙauyuka ɗungurungum suka zuba tumaki. Mutane suka cika jiragen ruwa zuwa Kanada da Ostireliya. Har yau za ka yi tafiya mai nisa a kwari ba gida ko ɗaya, sai kufai na dutse. Ni tun da na ji haka, kyan wurin ya daina burge ni kamar da.

Amma ba su saki nasu ba. Allunan hanya na ɗauke da yarensu na Gaelic tare da Turanci, ranar biki kuma ƙato zai ɗaura zane iya gwiwa mai zanen danginsa, yana taƙama, ana busa wata algaita mai salka. Kada ka kuskura ka ce masa Bature ɗan Ingila, yanzu za ku ɓata.

Dutsen Ben Nevis, mai mita 1,345, mafi tsawo a Birtaniya, na hango shi ne daga ƙasa, hawa sai su. Rana kuwa yanzu sai bayan goma na dare take faɗuwa, Isha sai ido ya raina fata.

A gaida Kawu da su Goggo. A ajiye mini soyayyen nama, in an samu mai tahowa.

Ɗanku.