Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Muka Koya kan Alamomin Ruwa da Iska a Ayaland

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata mazauna Dablin da kewaye.

Bana kwamitin al'adu ya duƙufa kan abu guda: yadda mutanen karkarar ƙasar nan suke gane sauyin yanayi tun kafin a kafa hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, Met Éireann, a 1936. Mun dogara da abin da 'yan makarantun firamare sama da 50,000 suka rubuto daga bakin kakanninsu tsakanin 1937 da 1939. Littattafan suna ajiye a jami'ar UCD (University College Dublin) da ke Dablin, an kuma ɗora su a shafin intanet na Dúchas, inda za ka ga rubutun yaran da alƙalamin tawada, har da inda hannu ya goce.

A zamanmu na hunturu mun karanta alamomin. Kyanwa ta juya wa murhu baya, guguwa na tafe. Kunkunniya ta zubo daga bututun hayaƙi, ko tsattsewa ta yi ƙasa-ƙasa, ko dutsen nesa ya zama kamar a miƙa hannu a taɓa, to ruwa ya kusa. Wasu suna da dalili a fili: laima ce ke jiƙa kunkunniya ta yi nauyi ta faɗo. Ta kyanwa kam ba mu gamsu da ita ba. Da aka zo kan zoben da ke kewaye wata, wani dattijonmu ya ɗaga hannu ya ce a garinsu cewa ake wata ya yi sansani. Daga nan hira ta koma kan shamuwa da hadarin gabas, alhali nan ruwa yawanci daga yamma yake shigowa, ta tekun Atlantika. Yaranmu da aka haifa a nan ba su taɓa jin sunan shamuwa ba, kuma wannan ya dame mu ƙwarai.

Mun yi zama guda kan Daren Babbar Iska, 6 ga Janairu 1839, wanda ya kwashe rufin gidaje a faɗin tsibirin. Ziyarar tashar auna yanayi ta Valentia a gundumar Kerry ba ta yiwu ba saboda kuɗin mota. Muna ba ku haƙuri.

Baɗi in Allah ya kai mu, kowane gida zai kira dattijai a waya, yara su rubuta alamomin damina da Hausa. A miƙa wa sakatare a taron wata-wata, tare da sauran kuɗin ƙungiya.

Wassalam,
Sakataren kwamiti