Wasiƙa daga Garwa kan sauya furosesar kwamfutarka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya zafin Injamena? Allah ya kai mu damina lafiya.

Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko za a iya sauya furosesar kwamfutarka (wato ƙwaƙwalwarta) da wadda ta fi gudu, tare da hoton da ka ɗauko daga CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan cikin kwamfuta. Ka taki sa'a. Yawancin kwamfutoci irin taka, da ake haɗe komai a bayan allo, furosesar laftof ake sa musu, a liƙe ta da dalma a jikin madabod, babban falle da ake jona duk kayan ciki a kansa. Duk wadda lambarta ta ƙare da U, ko CPU-Z ya rubuta BGA (alamar liƙaƙƙiya ce), ba ta ciruwa, sai dai a ƙara wa kwamfutar RAM, ma'ajiyar aiki ta wucin gadi. Taka kuwa Core i3-6100T ce a gurbin LGA1151, da hannu ake ɗaga ta.

Sai dai don Allah kada ka sayi i7-8700 ɗin da mai shago ya nuna maka. Gaskiya ne ita ma 1151 aka rubuta mata, kuma za ta zauna daram a gurbin, amma kwamfutar ba za ta tashi ba. Intel ya yi amfani da wannan gurbi sau biyu: zubi na 6 da na 7 madabod ɗinsu daban, na 8 da na 9 nasu daban, don an sauya aikin wasu alluran gurbin. Taka zubi na 6 ce, i7-8700 kuwa na 8. Ko zubi na 7 ma sai in kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya sa shi a BIOS, manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, saboda haka duba lambar samfurin a takardar da ke manne a baya, ka nemi jerin furosesocin da ya amince da su.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Harafin T ɗin nan na ƙarshe yana nufin wat 35, kuma mai yiwuwa gwargwadon haka aka auna fanka da ƙarfen sanyaya da cajar da ke ba ta wuta. In ka sa mai wat 65, kamar i7-6700 marar harafi, a wannan matsattsen wuri, ga watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, fanka za ta yi ta kuka, furosesa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wani lokaci kwamfutar ta mutu ana tsakiyar aiki. Ka biya kuɗin gudun da ba za ka gani ba. Nemi i5-6500T, mai ƙwaya 4 (sassan da ke aiki lokaci guda) maimakon 2 na taka, ko i7-6700T in aljihu ya yarda. Dukansu wat 35 ne. Don aikin shagonka na buga takardu da gyaran hoto, i5 ɗin ta wadatar.

Tun tsohuwar furosesar na ciki za ka sabunta BIOS, kuma sai kwamfutar na jone da UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. Wuta ta ɗauke ana cikin wannan aiki, madabod na iya sumewa gaba ɗaya.

Ranar aiki, zare wayar wuta, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15 don sauran wuta ta fita. Shimfiɗa tawul a tebur, ka kife allon a kai, ka cire ƙafa da murfin baya. Murfin yana da 'yan haƙoran roba. Bi gefe da tsohon katin waya, kada ka sa wuƙa. Taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin ka kai hannu ciki, don busasshiyar iskar wajenmu tana tara lantarki a jikin mutum. Ɗauki hoton wayoyi kafin ka zare ko ɗaya. Kusoshin ƙarfen sanyaya yawanci 4 ne da lamba a gefensu: sassauta su kaɗan-kaɗan a gicciye, ka ɗan murza ƙarfen hagu da dama har busasshen man sanyaya da ke tsakaninsa da furosesa ya saki.

Nan ne wurin natsuwa. Alluran suna cikin gurbin, ba a jikin furosesa ba, guda 1151, siraran gaske. Ɗaya ta lanƙwashe, sai ka ga allo baƙi ko RAM ɗaya ta ɓace. Ɗaga sandar da ke kulle gurbin, ɗauke tsohuwar ta gefe da yatsa biyu, daidaita ɗan alamar zinariya mai kusurwa uku da tsaguna biyu na gefe, ka ajiye sabuwar a hankali ba dannawa. In ba ta kwanta da kanta ba, ɗaga ta ka sake dubawa. Goge tsohon man da barasar goge na'ura, ka ɗiga sabo a tsakiya kamar ƙwayar wake ƙarama. Kafin ka rufe, hure ƙurar hunturu da ta toshe haƙoran ƙarfen, kana riƙe da fanka kada ta juya. Kada ka manta da mayar da wayar fankar.

Tashin farko yakan ɗan jima, har ta kashe kanta ta sake kunnawa. Ba matsala ba ce. Buɗe HWMonitor, manhajar da ke nuna zafi, ka ba kwamfutar aiki mai nauyi na minti 20. In zafi ya tsaya ƙasa da digiri 85, lafiya lau. In yana dosar 100, ƙarfen bai zauna daidai ba, sake ɗaure shi da sabon mai.

Ka sani dai zubi na 6 ba ya cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, don haka kada ka zuba sefa da yawa a kanta. In har tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, fara da SSD, ma'ajiya marar faifai mai sauri, da RAM mai giga 8, don yawancin nauyin da kake kuka da shi wajen tashi daga nan yake.

Turo mini hoton takardar bayan, da na furosesar da za ka saya, gaba da baya, kafin ka biya. Ka gaida mutanen gida duka.

Naka,
amininka na Garwa