Wasiƙa daga Jos: Ummi ta samu gurbi ba da hanyar kowa ba

Unguwar Rogo, Jos.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya Fatakwal da ruwan samanta da ba ya gajiya? Mu nan hunturu ya shigo da ƙarfinsa, da asuba sai an ɗora ruwan alwala a wuta, kuma har yanzu akwai masu zuwa masallaci lulluɓe da bargo kamar yadda ka bar mu.

Na ƙi faɗa maka wannan labari a waya ne saboda na san halinka, ba ka barin mutum ya kai aya. Ummi, ɗiyar marigayi Yaya, ta samu gurbin karatu, kuma an yafe mata kuɗin makaranta gaba ɗaya. Kai ka biya mata kuɗin lesin da na fom ɗin JAMB, don haka kai ya kamata ka fara jin yadda aka yi.

Ka tuna burinta likitanci ne. Ta ci 268 cikin 400 a JAMB, jarrabawar shiga jami'a, maki mai kyau ƙwarai in ka duba cewa a jarrabawar 2025, cikin yara kusan miliyan biyu da suka zauna, mafi yawansu ba su kai 200 ba. Amma likitanci a babbar jami'a wani kogi ne daban. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da su, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko, kuma a kowane kaso masu neman likitanci sun yi wa kujerun yawa. Sunanta bai fito ba. Ta yi kwana uku ba ta cin abincin kirki.

Malaminsu na kemistiri ne ya zo har gida ya ce akwai wata ƙaramar kwalejin kiwon lafiya mai zaman kanta a wajen gari, ta ɓangaren Bukuru, da ke ba sababbin ɗalibai tallafi bisa ƙoƙarinsu. Ina jin ya ce mai zaman kanta na ce masa, Malam, mu bar zancen, ni da nake auna masara da acca a kasuwar Katako ina na ga kuɗin irin waɗannan makarantu? Ya ce ai dalilin zuwansa ke nan. Suna haɗa abu uku: makin JAMB, sakamakon WAEC ko NECO a darussa biyar, wato Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis, sai kuma jarrabawarsu ta kansu da ake yi a kwamfuta. Mutum biyar na sama ba sa biyan ko sisi na kuɗin karatu, goma da ke biye da su su biya rabi.

To yanzu ga abin kunyar da na yi, kada ka faɗa wa kowa a majalisa. Ni dai ban taɓa yarda akwai abin alherin da ake samu a ƙasar nan ba tare da sanin wani ba. Ummi na gama jarrabawarsu na bazama neman hanya. Na yi sati ina sintiri gidan wani Alhaji da aka ce ya san mai makarantar, har ya rubuta mini 'yar takarda. Ranar Litinin na sa babbar rigata ta Sallah, na kafa hula, na hau Keke Napep har sau biyu, na isa. Makarantar ba ta fi firamarenmu ta da girma ba: dogayen gine-gine uku, ɗakin gwaje-gwaje, da tankin ruwa. Na shiga ofishin magatakarda, wata dattijuwa mai gilashi, Hausa a bakinta kamar ta 'yan unguwar Gangare. Na miƙa takardar da hannu biyu. Ta karanta, ta ninke, ta mayar mini, ta tambayi sunan yarinyar. Sai ta tashi ta ce in biyo ta. A baranda akwai allon sanarwa, an manna takardu da ƙusa, sunaye a jere, kowa da makinsa a gabansa. Ta ɗora yatsa a layi na uku ta ce, "Baba, mayar da takardarka aljihu, yarinyarka ta riga ta yi wa kanta hanya." Wallahi sai na ji rigar ta yi mini nauyi. Na tsaya ina karanta sunan kamar ban taɓa ganinsa ba, ina tuna Yaya.

Kada ka ɗauka sadaka suke yi, ruwa ba ya tsami banza. Na yi ta tunani a hanyar dawowa har na gane lissafinsu. Ƙaramar makaranta ba ta da tsohon suna irin na Jami'ar Jos da aka kafa tun 1975, wadda ko ba ta yi talla ba za a cika ƙofarta. Yaro mai kai ba zai zaɓe su da farko ba, sai sun jawo shi. In ya zo, ya ci jarrabawar hukumar da ke ba da lasisin aiki, ya samu aiki a asibiti, shi ne tallarsu, iyaye masu biya su biyo baya. Kujera ɗaya a ajin da malami zai shiga ko da ita ko babu ita ba ta cin musu wani abu mai yawa. Su sun ci riba, mu mun ci riba, ban ga laifin wannan ciniki ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma na sa Ummi ta karanta mini takardar sau biyu kafin in sa hannu. Tallafin na kuɗin karatu ne kawai. Ɗakin kwana, abinci, littattafai, farar rigar aiki, kuɗin mota zuwa asibitin da za su yi koyon aiki, duk a wuyana suke. Kuma ba kyauta ce ta har abada ba, duk shekara ake sabuntawa. Makinsu a kan 4.00 ake auna shi irin na kwalejojin kimiyya da fasaha, in ta sauko ƙasa da 3.00 an janye. Na ce mata ta bar zancen biki da suna sai hutu. Na kuma tambaya ko za ta iya neman bashin karatu na NELFUND da gwamnati ta fara bayarwa a 2024, wanda ba shi da kuɗin ruwa, har da dubu ashirin na kashewa duk wata. Ashe ɗaliban makarantun gwamnati kawai ake ba, na masu zaman kansu ba sa ciki. Wannan ka riƙe shi don gaba.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, shi ne ma ya sa wasiƙar ta yi tsawo. Ka san maƙwabcinmu mai dakon kwandunan tumatir a Farin Gada, wanda kake tsokana da cewa ya fi jaki ƙarfi. Babban ɗansa ya zauna jarrabawar kwalejin tare da Ummi. Yaron nan bai taɓa shiga lesin ba. Da safe yana taya uban lodi, da dare yana karatu da fitilar waya a zaure, tsofaffin tambayoyin JAMB ma na Ummi yake ara. Ranar jarrabawar ce rana ta biyu a rayuwarsa da ya taɓa linzamin kwamfuta. Ya zo na goma sha shida. Maki biyu ne tsakaninsa da na goma sha biyar. Na koma wurin dattijuwar nan, wannan karon ba takardar kowa, na faɗa mata halin gidansu. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce tallafinsu maki yake dubawa, ba ya duba aljihu, kuma ranar da ta matsar da suna ɗaya don tausayi, gobe za a matsar da goma don alfarma. Na rasa abin cewa, domin gaskiyarta ce, wannan tsaurin ne ya ba marainiya kujera. Amma ni da kai mun san wata shida na lesin da ka biya suna cikin 268 ɗin nan. Ba na rage wa Ummi komai, kowa ya ci zomo ya ci gudu, na ga yadda take kwana kan littafi. Ina dai tambayar kaina nawa yaron zai ci da ya samu rabin abin da ta samu.

Uban bai ce komai ba. Ya zo ya yi mana barka da kwanon tumatir, ya sa wa Ummi albarka, ya tafi.

Saboda haka ga roƙona. Abin da ka ce za ka riƙa aiko wa Ummi na kuɗin makaranta, tunda Allah ya ɗauke mana wannan nauyi, ka raba shi biyu. Rabi ya tafi ɗakin kwana da abincinta, sauran ni zan cika. Rabin kuma mu sa yaron a lesin, ya sake JAMB baɗi, ya je shagon kwamfuta ya saba da ita. Na yi magana da malamin kemistirin, ya ce zai karɓe shi a rabin kuɗi. Ban faɗa wa uban ba tukuna, sai na ji daga gare ka.

Shi kuma Abba naka da ke ajin ƙarshe, ka ce masa kada ya raina Turanci da lissafi, kuma C6 da A1 duk kiredit ne a baki, amma a allon nan na baranda ba ɗaya suke ba. Ka sa ya nemi ƙananan makarantu tun da wuri, don wasu kan rufe karɓar takardu mutane na can suna jiran sunayen jami'a.

Ummi za ta tare ranar Lahadi. Gwaggonta ta soya mata yaji da garin kunu, ni kuma na sayo bargo biyu, ka san sanyin Bukuru ya fi na cikin gari. Ta ce za ta rubuto maka da hannunta in ta zauna. Na ba direban da ke kai kayan gwari wajenku rabin buhun dankalin Turawa, zai kira ka in ya iso, ka ba shi na goro. A gaida uwargida da yara, mutanen majalisa duk suna gaishe ka.

Naka,
Amininka na Unguwar Rogo.