Bukukuwan da ke bin bayan Kirsimeti su ma a ba su fili

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe ina karanta jaridarku, kuma duk shekara abu ɗaya nake gani: a cika shafuka da labarin Kirsimeti, da an wuce 26 ga Disamba sai a yi tsit, ba a sake waiwayarmu sai hotunan wasan wuta na sabuwar shekara. Alhali a wurinmu 'yan Katolika, cikin makon nan na sanyi ne ake yin idi biyu da suka fi shafar zaman cikin gida, wato Idin Iyali Mai Tsarki da Idin Maryamu Uwar Allah.

Na farkon yana faɗowa ne ranar Lahadin da ke tsakanin Kirsimeti da 1 ga Janairu, in kuwa babu Lahadi a tsakani sai a yi shi ran 30 ga Disamba. Fafaroma Benedict na 15 ne ya ce a riƙa yin sa a dukan Ikilisiya a 1921, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya bai daɗe da ƙarewa ba, gidaje cike da marayu da matan da mazansu ba su dawo ba.

Ni kam na yi shekaru ba na son wannan Lahadin. In na dubi hoton Yusufu da Maryamu da jariri, kowa fuskarsa a sake, sai in ji kamar gidana ake yi wa gori. A shekarar da babban ɗana ya yi fushi ya bar gida, wata huɗu babu waya babu saƙo, a bencin baya na zauna don kada a tambaye ni. Ranar aka karanta Bisharar Luka sura ta 2, inda Yesu yana ɗan shekara 12 ya tsaya a Urushalima bayan Idin Ƙetarewa na Yahudawa. Iyayensa sun yi tafiyar yini guda suna zaton yana cikin ayari, sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali. Uwarsa ta tambaye shi dalilin da ya yi musu haka, ya amsa, ba su ma gane amsar ba. Wallahi na sha jin wannan karatu, amma ran nan ne na lissafa kwana ukun nan da zuciyar uwa, har na kasa tashi lokacin da aka miƙe.

Ashe iyalin da ake kira mai tsarki ya ɗanɗana kusan duk abin da ke girgiza gida. Talakawa ne, shi ya sa da suka kai jaririn Haikali bayan kwana 40, abin da muke tunawa ran 2 ga Fabrairu, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Littafin Firistoci ya yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. A nan ne tsoho Saminu ya gaya wa Maryamu cewa takobi zai soki ranta. Sun yi gudun hijira zuwa Masar cikin dare saboda Sarki Hirudus yana neman kashe yaron, kuma ran 28 ga Disamba ana tuna yaran Baitalami da ya sa aka kashe. Yusufu masassaƙi kuwa, duk Bishara babu kalma ɗaya da aka rubuta daga bakinsa. Aka ce tashi, ya tashi ya ɗauki yaron da uwarsa.

Sai Idin Maryamu Uwar Allah ran 1 ga Janairu, rana ta takwas da haihuwar, ranar da aka yi wa yaron kaciya aka raɗa masa suna. Na san sunan Uwar Allah yana yi wa maƙwabtanmu da yawa nauyi a kunne, don haka ya kamata a bayyana shi. Ba mu ce Maryamu ta riga Allah kasancewa ba, ba kuma bauta mata muke yi ba. Taron bishop-bishop na Afisa a shekara ta 431 ya tabbatar da sunan ne domin ya faɗi ko wane ne ɗan da ta haifa, wanda mu muka gaskata Allah ne kuma mutum ne. Abin da ke ratsa ni shi ne, bangaskiyarmu ta ce Maɗaukaki ya yarda mace ta ɗauki cikinsa, ta shayar da shi, ta yi rashin barci saboda kukansa. Sau biyu Luka ya ce Maryamu tana adana al'amuran nan a zuciyarta. Kowace uwa ta san irin wannan ajiya. A wannan rana ce kuma Fafaroma Paul na 6 ya sa Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, aka fara ta a 1968.

Roƙona, Edita, bana ku ware ko da rabin shafi ne a makon. Ku sami Fada ko malamin katikizim ya yi bayani da Hausa mai sauƙi, ku kuma bar iyaye mata su faɗi nasu da bakinsu. Ɗana ya dawo daga baya, amma na san akwai matan da har yanzu suna bencin baya suna jiran nasu, kuma da yawansu suna karanta jaridarku.

Taku,
Wata uwa mai karanta jaridarku