Ba masu cin kyauta kaɗai ke zauren ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari rahotonku kan baje kolin bargunan ɗinkin hannu na Festival of Quilts, wanda ake yi duk shekara a zauren NEC, wato babbar cibiyar baje koli ta ƙasa da ke Birmingham, tun 2003. Madalla da ƙoƙari, sai dai wakilinku ya tsaya kan waɗanda suka ci kyauta, ya tsallake abin da ya fi tsayar da jama'a.

Ni da 'yata muka je, yarinyar da aka haifa a garin nan. Tun ba mu yi nisa ba ta fara ƙorafin ƙafa. Can sai ta finciki mayafina: “Umma, ga Selfridges!” Ko takardar bayanin da ke gefe ba ta duba ba. Bargo ne da aka ɗinka hoton garin Birmingham a kai, ta gane ginin babban kantin Selfridges da ke cibiyar kasuwanci ta Bullring, mai kama da bayan kifi, wanda aka lulluɓe da fayafayan alminiyon 15,000. Mai ɗinkin ta jera maɓallai masu ruwan azurfa a madadinsu, ɗaya bayan ɗaya, a kan shuɗin ƙyalle. Ban ƙirga ba, amma yatsunta sun sha allura. A gefe ga zobban da ke jikin babban ɗakin karatun da Malala Yousafzai ta buɗe a 2013, an fitar da su da baƙin zare.

Irin wannan bargo hawa uku ne: fuska, auduga a tsakiya, sai shafi. Ɗinkin da ya haɗa su ne ya sa ruwan Gas Street Basin, matsayar jiragen kwale-kwale da ke tsakiyar gari, ya yi kamar yana motsi.

Wani dattijo kuwa bai gamsu ba. Ya ce an kawo hasumiyar agogon jami'a, Old Joe, an manna ta kusa da Bullring, alhali tana can unguwar Edgbaston. Matarsa ta ce ai ba taswira aka ɗinka ba. Ni dai ina bayanta, ko da yake shi ma da gaskiyarsa. Suna wannan musu 'yata na neman layinmu a cikin ƙyallayen, har ta manta da ciwon ƙafa.

Don Allah baɗi wakilinku ya tsaya gaban irin wannan bargo na minti goma, ya kunna rakoda.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Birmingham, Ingila